Waƙoƙin Soja na Yaƙin Basasa: Ina Waƙar Ranar Ƙarewa, Kuma Ya Dace a Sa wa Ɗalibai?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Kaduna. Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, bara Allah ya yi masa rasuwa. A cikin kayansa muka tarar da kaset-kaset na waƙoƙin soja na lokacin yaƙin. Na saurare su duka, zuga ce da kirari da zambo ga Ojukwu, ban ji ko ɗaya da ke maganar ranar da yaƙin ya ƙare ba. Me ya sa haka? Sannan makarantarmu na shirin ɗan taro ranar 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya, kuma cikin ɗalibanmu akwai Ibo da Tibi da Yarabawa. Ya dace in sa waƙoƙin nan, ko in bar su a akwati?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema. Na farko, yadda aka yi yaƙin da ya cika rediyo da waƙa har wata 30 ya ƙare bai bar waƙar ƙarewa a bakin mutane ba. Na biyu, ko waƙar da aka tsara don tunzura soja za ta iya shiga makarantar da jikokin ɓangarorin biyu ke zaune a benci ɗaya. A kan na biyun, ra'ayina shi ne ki sa su, amma a cikin aji, yara na riƙe da takarda da biro, ba a lasifika a filin taro ba. Dalilina ba zai fito ba sai mun duba aikin da aka yi waƙoƙin don su yi.

Aikin da aka ɗora wa waƙa

Kafin a fara yaƙi a watan Yulin 1967, sojan Najeriya bai wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba. Lokacin da aka gama ya kai wajen 250,000. Samari ne aka kwaso daga gona da kasuwa da tasha, aka ba su horon 'yan makonni, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Makurɗi, daga nan sai daji. Yaron da bai taɓa jin sunan Nsukka ba, ba zai je ya mutu a can haka kawai ba, sai an ba shi dalili, an kuma ba uwarsa abin da za ta riƙe. Jarida akwai, Gaskiya Ta Fi Kwabo na fitowa, amma masu karatun boko kaɗan ne. Abin da ke shiga kowane zaure shi ne Rediyon Kaduna, abin da kuma ke zama a kunne bayan an kashe rediyon shi ne amshi.

Mawaƙa ba su ƙago sabon salo don wannan aikin ba, sun tarar da kaya a ajiye. Akwai kirarin 'yan tauri da na mafarauta, akwai taken 'yan dambe, akwai kuma tsarin makaɗan fada wanda kowa ya sani: a wasa ubangida, a jero kakanninsa, a lissafa garuruwan da ya ci, sannan a juya kan abokin hamayyarsa da zambo. Sai aka ɗauki Yakubu Gowon da Hassan Usman Katsina da Muhammadu Shuwa da Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle aka zaunar a gurbin ubangida. Ojukwu kuma, jagoran 'yan awaren Gabas, aka sa shi a gurbin ɗan sarkin da ya nemi gadon sarauta ya rasa, ya shiga daji yana tawaye. Shi ya sa za ki ji zambon ya fi tsayawa a kan mutum ɗaya, gemunsa da girman kansa da alkawuran da ya kasa cikawa. Wasu mawaƙan a nan suka tsaya. Wasu kuwa sun zarce, suka haɗa da ƙabila gaba ɗaya, da sunan nan da Ibo ba sa so a kira su da shi. Wannan bambancin shi ne abu na farko da nake so ki sa wa kunne idan kin sake sauraro.

Ɗan Maraya Jos ya yi waƙoƙi da dama da kuntiginsa yana yabon sojan tarayya, har yana zayyana yadda fagen fama yake. Mamman Shata ma ya wasa soja da manyan hafsoshi. A fagen rubutacciyar waƙa kuwa an shirya gasar yabon soja tun yaƙin na ci, waƙoƙi suka shigo ɗari-ɗari daga sassan Arewa, Alhaji Aƙilu Aliyu ya zo na ɗaya da "Jiki Magayi". Na kawo gasar nan ne saboda masu cewa duk abin farfagandar gwamnati ce. Akwai hannun gwamnati, ba shakka. Amma ɗaruruwan mutane ba sa zama su auna ƙafa da amsa-amo don an tilasta musu. Abin yana ransu.

Akwai kashi na uku da ba kasafai ake samunsa a kaset ba, wato waƙoƙin sojojin kansu, na gudun safe da na maci da na zaman rami. Gajeru ne, ɗaya ya bayar saura su amsa, babu wanda ya san mai su, Hausar bariki ce gauraye da Buroka. Wasu an gaje su tun daga waɗanda suka je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, aka canza sunan gari da na abokin gaba. Kuma a nan ya kamata ɗalibanki su san wani abu: rundunar da mutanen Gabas ke kira "sojan Hausa" cike take da Tibi da Angas da Bacama da Barebari da mutanen Zuru da Idoma da Yarabawa. Gowon kansa Ba'angashe ne, Kirista. Hausa harshen bariki ne tun zamanin Turawa. Saboda haka yaron nan Batibi da ke ajinki, mai yiwuwa kakansa ya fi kakan Bahaushen da ke gefensa rera waɗannan waƙoƙin.

Inda kowa ya fara ƙirga

Ki saurari waƙoƙin Arewa da kyau, za ki ga kusan dukkansu daga wuri ɗaya suke ɗauko labari: daren 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Samuel Akintola, da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Daga nan sai su yi tsalle zuwa 30 ga Mayun 1967, ranar da Ojukwu ya ayyana Biyafara. Abin da ke tsakani ba sa tsayawa a kansa. A tsakanin nan ne aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, a watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoban 1966, sama da mutum miliyan ɗaya suka tattara suka gudu Gabas. An kuma kashe 'yan Arewa mazauna Gabas a ramuwar gayya.

Waƙoƙin Biyafara daga wannan tsakanin suke fara nasu ƙirgen. Ni ba na jin Ibo, abin da na sani daga fassarar abokan aiki ne, amma jigon a fili yake: an kashe mu, an kore mu, an biyo mu gida, a ba mu bindiga. Su ma suna da nasu kirarin maza na gargajiya da suka juya, suna da waƙoƙin coci da suka sauya wa kalmomi, har taken ƙasar tasu an ɗora shi ne a kan wani sanannen kiɗa na Jean Sibelius, mutumin Finland. Su kuma ba sa tsayawa a kan daren Janairu. Kowane ɓangare ya fara labari daga ranar da aka cuce shi, ya tsallake ranar da ya yi cuta.

Waƙoƙinmu suna jero garuruwa: an ci Nsukka, an ci Inugu, an ci Kalaba, an ci Fatakwal, an ci Anaca. Ga mai sauraro a Funtuwa ko Azare, sunaye ne masu daɗin faɗa a kan kalangu. Ba za ki ji a ciki cewa ranar 7 ga Oktoban 1967 mutanen Asaba sun fito da fararen kaya suna waƙa da rawa suna kiran Najeriya ɗaya don tarbar sojan tarayya, aka ware maza da samari aka harbe ɗaruruwa ba. Ba za ki ji yaran da tamowa ta kashe bayan an toshe hanyoyin abinci ba, alhali su ne mafi yawan mamatan yaƙin, wanda ƙiyasinsa ya kama daga 500,000 har zuwa miliyan 3. Ba na faɗin wannan don in ɗora wa Baba ko abokansa laifin da ba su yi ba. Mafi yawansu yara ne da aka tura, suka ga abin da ya hana su barci har tsufa. Abin da nake nufi shi ne waƙar yaƙi shaida ce mai ƙarfi a kan abin da mutane ke ji a lokacin, da abin da ake so su ji, amma raunanniyar shaida ce a kan abin da ya faru.

Me ya sa ƙarshen ya zo babu waƙa

Ranar 11 ga Janairun 1970 Ojukwu ya tashi daga filin jirgin Uli zuwa Kwaddibuwa. Washegari mataimakinsa Philip Effiong ya yi jawabin ajiye makamai a rediyo. Ranar 15 ga wata aka kammala miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. An yi waƙoƙin godiya ga Allah da na yabon Gowon bayan nan, ba a rasa ba. Amma kin yi gaskiya, babu wadda ta zauna a baki yadda na zugar suka zauna.

Babban dalili daga sama ya fito. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya yi afuwa, ya sa ƙasa a kan sulhu da sake gini da farfaɗo da rayuwar waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. A siyasance hikima ce. Amma ga makaɗi, an karɓe masa kayan aiki. Zuga ba ta tsayuwa sai da abokin gaba, kirari kuma ba ya cika sai an faɗi wanda aka kayar. Idan ubangida da bakinsa ya ce bai kayar da kowa ba, me maroƙi zai faɗa? Ki kwatanta da dawowar soja daga yaƙin duniya na biyu, lokacin da Sa'adu Zungur ya rubuta "Maraba da Soja". A can abokin gaba na ƙetaren teku, ba za a haɗu da shi a kasuwa ba. A basasa kuwa, wanda aka yi wa zambo jiya ya dawo Sabon Gari ya buɗe shagonsa na kayan mota. Cikin 'yan shekaru Ibo sun dawo Kano da Kaduna da Zariya da Jos, da yawansu suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidaje, wasu har da kuɗin hayar da aka tara. Makaɗin da ke wasa a bikin da ɗan kasuwa Ba'ibo ke cikin masu liƙi ya san baitin da zai haɗiye. Kano ta san irin wannan tun basasar Tukurawa da Yusufawa ta 1893 zuwa 1895: faɗan cikin gida, wanda ya yi galaba ma a hankali yake faɗa.

Sai batun ubangida. Mawaƙin Hausa yana waƙa ne inda ake bukata, ake kuma sallama. Da yaƙi ya ƙare, gwamnati ta koma neman a wayar da kai kan komawa tuƙi a hannun dama a 1972, kan naira da kwabo da ƙidayar jama'a a 1973, kan ilimin firamare kyauta a 1976. Mawaƙa suka bi. Kuɗin fetur ya shigo, sababbin alhazai da 'yan kwangila suka bayyana, kalangu ya juya wajensu. Sojan da ya dawo da ƙafa ɗaya ba shi da abin ba maroƙi.

Dalilin da na fi ba nauyi shi ne yadda muke makoki. Bahaushe Musulmi ba ya kai baƙin cikinsa wajen makaɗi. Addu'a ce, da zaman gaisuwa, da sadakar uku da bakwai da arba'in, mace ta shiga takaba, a ce Allah ya jiƙansa a yi shiru. Marsiyya akwai ta a adabinmu tun zamanin masu jihadi, kuma Sardauna ya samu da yawa, amma ta malamai ce da shugabanni. Kurtun da aka binne a dajin Abagana ko a bakin kogin Kwara, ba a kawo gawa ba, ba a san kabari ba, wani gidan ma labari a bakin abokin da ya dawo suka ji, wannan ba shi da mai yi masa marsiyya. Ga shi kuma ba a ƙasar Hausa aka gwabza ba. A Katsina ko Gusau ƙarshen yaƙi labari ne a rediyo. A Owerri da Umuahia kuwa fitowa ce daga daji, da neman wanda ya rage a dangi, da fam 20 da aka ba mutum a banki komai yawan kuɗin Biyafaran da ya kai, da gidajen Fatakwal da aka ce an yi watsi da su aka hana masu su. Shi ya sa su suke da waƙoƙin bayan yaƙi. Gaisuwar da suka riƙa yi wa juna a lokacin, mai ma'anar barka da tsira, har faifan hailaif, kiɗan zamani na Kudu, aka yi da ita.

Inda na taɓa jin abin da ya yi kama da waƙar ƙarshen yaƙi a Hausa, a bakin mata ne. A aikin tattara adabin baka na zauna da tsofaffin matan bariki, kuma idan hira ta yi nisa sukan tuno 'yan baitocin da suke yi a bakin turmi ko wajen rarrashin yaro, na jiran jirgin ƙasa, na wadda mijinta ya sauko da wadda ta koma ɗaki ita kaɗai. Ba a kai su situdiyo ba, babu wanda ya ɗauke su waƙa a lokacin. Idan Mama na raye, ko wata cikin abokan zamanta na bariki, to abin da kike nema ya fi kusa da ke fiye da kowane kaset.

Kaset ɗin kansu

Ki sani cewa abin da ke hannunki kwafi ne. A shekarun yaƙi faifan garmaho ne da manyan faya-fayan gidan rediyo. Kaset ya yaɗu ne daga baya, masu shagon ɗauka suka riƙa haɗa waƙoƙi yadda suka ga dama, su rubuta suna da biro. Na sha ganin an rubuta sunan wani mawaƙi a kan muryar wani, ko an cusa waƙar 1975 a tsakiyar na 1968. Kada ki dogara da rubutun bango, ki bar waƙar ta faɗi shekarunta. Idan ta ambaci jihohi 12, bayan 27 ga Mayun 1967 aka yi ta. Idan tana murnar faɗuwar Inugu, ba ta riga Oktoban 1967 ba. Fatakwal, Mayun 1968. Umuahia, Afrilun 1969. Idan Obasanjo ne ke jan runduna ta uku maimakon Adekunle, daga Mayun 1969 ne zuwa gaba. Idan mawaƙi ya yi godiyar kyautar naira, ba fam da sule ba, to an sake rera ta ne bayan yaƙi da shekara 3 ko fiye, kuma irin wannan ta fi ban sha'awa, don za ki ga abin da ya cire da abin da ya bari.

Kada ki ci gaba da sa kaset ɗin a kowace rediyo. Zaren da ya shekara 40 a akwati yana iya mannewa ko ya tsinke. A fara juya shi da biro a hankali daga farko har ƙarshe, a duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko ya faɗi, a samu rikoda mai tsabtataccen kai, a haɗa ta da kwamfuta da waya a ɗauka sau ɗaya. Kara wayar hannu a bakin sifika ko turawa ta WhatsApp yana cinye rabin muryar, kuma kalmomin da suka fi wuyar ji su ne suka fi muhimmanci. A ajiye asalin nesa da rana da manyan sifiku. Na taɓa neman wasu waƙoƙin wannan zamani a wani gidan rediyo aka ce mini an ɗauki wani shiri a kan faya-fayan saboda ƙarancin sababbi, don haka kada ki ɗauka cewa abin da ke akwatin Baba akwai shi a wani wuri. Idan iyali sun yarda, ki kai kwafi Gidan Arewa nan Kaduna, ko Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero.

Ranar taron

Ranar 15 ga Janairu ta ɗauki kaya fiye da ɗaya. Da can 11 ga Nuwamba ake tunawa da sojoji, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta raina, aka dawo da ita nan saboda ƙarshen basasa. Hukuma na ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayar da bajo don taimakon tsofaffin sojoji. Amma ga ɗan Arewa ranar ce aka kashe Sardauna, shekara 4 cif kafin miƙa wuya. Ga Ba'ibo kuwa ranar da aka ci su ce, kuma da yawansu 30 ga Mayu suke tuna nasu mamatan. Yaranki za su shigo taron da abin da aka faɗa musu a gida, ba abin da suka karanta ba, domin an cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi.

A irin wannan wuri, sa waƙar zuga a lasifika yana mayar da ita bakin aikinta na asali. Kiɗan yana da daɗi, yara za su fara kaɗa kai, wani zai kama amshin ya juya ya kalli ɗan ajinsu, kafin a tashi an samu sabon sunan tsokana. Mun taɓa ganin abin da faifai ke iya yi. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 an yi ta yaɗa cewa ana sa wani faifan hailaif mai maganar kukan akuya a unguwannin Sabon Gari don yi wa 'yan Arewa dariya. Ko da nufi ake sa shi ko ba da nufi ba, haka kunnen Arewa ya ji shi, kuma har yau ana ambatonsa cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin Mayu.

Barin su a akwati ma ban goyi bayansa ba. Waƙoƙin nan suna yawo a YouTube da TikTok, an yanko baitin da ya fi zafi, babu shekara, babu bayani. Gara yaro ya fara jin su a gaban malama.

Ga yadda nake yi da nawa ɗaliban. Nakan zaɓi waƙa ɗaya ko biyu, in rubuta baitocin a takarda in raba. Kafin a kunna, nakan faɗa musu shekarar da aka yi ta, da wanda aka yi wa, da abin da ake so mai sauraro ya tashi ya yi. Bayan an ji, aikin farko shi ne su fitar da sunayen garuruwan da aka ambata su nemo su a taswira. Sai in tambaya: su wa ke zaune a garin nan ranar da mawaƙi ya ce an ci shi, kuma ina suka kwana a daren? A nan aji kan yi tsit, sannan tambayoyi su fara fitowa daga inda ban zata ba. Aiki na biyu, su ware yabo daban, zuga daban, zambo daban, wanda dama yana cikin darasinki na adabi. Baitin da ya zagi ƙabila ba na goge shi a ɓoye. Ga manyan aji nakan bar shi, in ce ga abin da aka faɗa, ga dalilin da ya sa aka faɗa, ga kuma dalilin da ya sa ba za mu maimaita ba. Ga ƙananan aji nakan zaɓi waƙar da ba ta da shi, in kuma gaya musu cewa akwai masu shi.

Sannan kada waƙar Arewa ta tsaya ita kaɗai. Ki nemi malami ko mahaifi Ba'ibo ya kawo tasu guda ɗaya da fassara, a yi mata irin tambayoyin da aka yi wa tamu, ba sassauci ga kowa. Ki tuntuɓe shi tun da wuri, a keɓe, don wani gidan ba sa son a taɓo zancen ko kaɗan, kuma haƙƙinsu ne. Kada kuma a ta da yaro Ba'ibo a ce ya yi magana da yawun ƙabilarsa. Shekararsa 15, bai yi yaƙi da kowa ba.

A babban taron kuwa, addu'a ta Musulmi da ta Kirista ga duk waɗanda suka rasu, soja da farar hula, ta wadatar. Idan za ku gayyaci tsohon soja, ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji zai haɗa ku da su. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 a 1968 yanzu ya doshi 80, ba su da yawa. Kada a ce masa "Baba ba mu labarin yaƙi", domin ko dai ya yi shiru ko ya ba da labarin da ya saba bayarwa a majalisa. A tambaye shi wace waƙa suke yi a gudun safe a Difo na Zariya, me suke ci a daji, a ina yake ranar da aka ce an gama, wa ya fara gaya masa, me ya fara yi. Tambayar ƙarshen nan ita ce ke fito da abin da kaset bai ɗauka ba. Wasu za su ce harbi suka yi ta yi sama, wasu za su ce ba su yarda ba sai da suka ga mutane na fitowa daga daji da kaya a ka, wasu za su ba da labarin abincinsu da suka raba wa yara. A nemi izininsa a ɗauki muryar.

Ke kika san makarantarki da unguwar da take, ni daga nesa nake magana, kuma Kaduna gari ne da ƙaramar magana kan girma. Idan shugaban makaranta ko iyaye suka nuna ɗari-ɗari, ki fara da aji ɗaya na manya a darasinki na yau da kullum, ba tare da an kira shi taro ba. Batun halaccin sauraron kiɗa kuma, idan wani ya tayar, na malaman addini ne. Rubutattun waƙoƙin ana iya karanta su ba kiɗa, su yi aikin. Tunda 15 ga Janairu na zuwa ne ana dawowa hutu, ki yi ɗaukar kaset ɗin da rubuta baitocin a hutun Disamba, ki kai wa shugaban makaranta takardar ya gani da idonsa kafin ranar.